'Yata tana aji huɗu a makarantar kuɗi, ta zo ta uku, amma ta kasa karanta layi biyu

Maman Ummi:
Assalamu alaikum iyaye da malaman wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, tun jiya abin yake cina ko baccin kirki ban yi ba. 'Yata tana aji huɗu a wata makarantar kuɗi nan unguwarmu a Kano, tun tana 'yar shekara uku take can, duk zango dubu talatin da takwas muke biya banda littattafai da yunifom da kuɗin bikin kaza da kaza. Zangon da ya wuce ta uku ta zo a ajinsu har kyauta aka ba ta. Jiya ina tuƙin tuwo saƙo ya shigo wayata na ce Ummi karanto min, yarinya ta ƙura wa waya ido ta yi shiru, da Hausa ne fa, layi biyu kacal. Na ce to ƙila don ba a koya musu Hausa ne, na ɗauko littafinta na Turanci ta karanta shafi guda tiryan-tiryan babu gargada, sai na sa hannu na rufe hoton na nuna mata kalma ɗaya a tsakiyar layi, wlh ba ta sani ba. Ashe duk hadda ce. Babanta ransa ya ɓaci ya ce cire ta zai yi ya kai ta ta gwamnati tunda kuɗin a banza suke tafiya, ni kuma ina tsoron cunkoso da irin tarbiyyar da za ta kwaso a can. Me kuka gani?

Abban Yara:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki bar maigida ya cire ta kawai. Mu duk a ta gwamnati muka yi kuma tun aji uku muna rubuta wa tsofaffin unguwa wasiƙa. Makarantun kuɗin nan kasuwanci ne, yaro ya iya waƙar Turanci ya sa rigar bikin yaye ɗalibai a ɗauki hoto shikenan.

Malamin Firamare:
Yallaɓai ta gwamnatin da ka yi ba ita ce ta yau ba fa. Ni yanzu haka a cikinta nake koyarwa shekara goma sha ɗaya, ajina yara ɗari da talatin da wani abu ne a rajista, alhali tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare. Kafin na gama kiran suna kwata na lokacin darasi ya tafi. Rabinsu a ƙasa suke zaune, na baya ba sa ganin allo, alli ma wani lokacin daga aljihuna nake saya, ana fita tara wasu ba sa dawowa saboda talla na jiransu a gida. Ba wai ina kushe wurin da nake cin abinci ba ne amma gaskiya ɗaya ce, Maman Ummi idan kika kawo ta irin ajina ba zan yi miki alƙawarin zan ma san sunanta kafin ƙarshen zango ba. Wanda nake iya kamawa su ne 'yan layin gaba ashirin zuwa talatin, sauran Allah ya gani ina so amma hannu ɗaya baya ɗaukar jinka.

Maman Ummi:
Innalillahi. To Malam ina za mu sa kanmu kenan, can babu nan babu.

Malama a Firabet:
Anti bari na gaya miki yadda aka yi 'yarki ta zo ta uku, don ni a irin makarantar nake aiki kuma wannan ta huɗu kenan da na yi. Sati ɗaya kafin jarabawa ana ce mana mu ba yara bita, bitar nan kuwa tambayoyin jarabawar ne kansu da amsoshinsu, yaro ya je gida ya haddace ya zo ya zuba. Duk mai kaifin hadda shi zai zo na ɗaya ko da bai san baƙi ba. Kuma an hana mu kayar da yaro, idan ka sa wa yaro ashirin bisa ɗari za a kira ka ofis a ce ka gyara, uban yaro kwastoma ne kar a kore shi. Albashina dubu ashirin da biyar, watan hutu babu ko sisi, ga shi tun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dubu 70 ne a takarda. Shi ya sa duk wadda ta samu wani abu sai ta tafi, aji ɗaya sai ya ga malamai uku a shekara. Ki tambayi Ummi malamai nawa ta yi a aji ɗaya da aji biyu, a nan ne ake koyon karatu, idan aka tsallake wurin nan sai dai a yi ta gini a kan rairayi.

Maman Ummi:
Wlh kamar kin sani, a aji biyu sau uku aka canza musu anti.

Uwar Makaranta:
Salam. Ni mai makaranta ce kuma ba zan yi shiru a yi mana kuɗin goro ba. Ban ce babu masu yin abin da Malama ta faɗa ba, akwai su da yawa, amma ku ma iyaye ku tsaya ku dubi naku. Shekara biyu da suka wuce na kira iyayen yara bakwai na ce yaransu su maimaita aji biyu saboda ba su iya haɗa baƙi ba, na zaunar da su na nuna musu da idonsu, biyar a ciki suka cire yaran suka kai makarantar bayan layinmu aka sa su aji huɗu ma ba uku ba. Wata har cewa ta yi na tozarta ta a cikin kishiyoyi. Su iyayen ne kuma za su zo su ce a tsallakar da yaro daga aji huɗu ko biyar zuwa sakandare don kar a biya kuɗin aji shida, yaro ɗan shekara tara a ƙaramar sakandare bai iya rubuta sunan unguwarsu ba. Batun albashi kuma, haya nake biya, ga haraji kala-kala, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya ninka, kuma yanzu haka kusan kashi ɗaya cikin uku na iyayen ɗalibaina ban gama karɓar kuɗin zangon baya a hannunsu ba. Idan na ƙara dubu biyar a watse a bar ni da benci. Ba na jin daɗin abin da nake ba malamaina, Allah ya sani, amma daga ina zan ɗauko?

Malama a Firabet:
Hajiya na ji uzurinki kuma ke kin yi ƙoƙari da kika iya cewa a maimaita. Amma akwai masu makarantar da suke canza mota duk shekara malamansu na bin su bashin wata biyu, wannan ba tsadar mai ba ce.

Uwar Makaranta:
Wannan kam ban musa ba.

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum. Jikana ne ya nuna min wannan magana ya ce Baba ga fagenka, shi yake buga min ina faɗa. Na yi shekara 35 a aikin koyarwa, goma sha huɗu a ciki ina hedimasta, don haka ku ba ni dama na ɗan ja magana.

Mu 'yan Gireti Tu ne. Shekara biyar muka yi a kwalejin horon malamai ba a koya mana komai ba sai yadda ake koyar da ƙaramin yaro, yadda za ka tsaya a gaban allo, yadda za ka rubuta harafi yaro ya gani daga baya, yadda za ka riƙe hannunsa ya ja layi. Malami ɗaya shi ne da ajinsa tun safe har tashi, ya san wanda bai karya ba, ya san wanda idonsa ba ya gani sosai. Da aka ƙaddamar da UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka yi lissafi, aka ɗebo malamai aka yi musu horon gaggawa, tun daga nan abin ya fara sassautawa amma duk da haka akwai abu ɗaya da ya riƙe mu, wato sufeto. Ba ya sanarwa, sai dai ka ji ƙarar babur ɗinsa a bakin makaranta. Ba ofishina zai fara zuwa ba, aji zai shiga ya nuna yaro na can ƙurya ya ce tashi karanta, ya ba wani lissafi a allo. Idan yara uku suka kasa ni da malamin ajin mun shiga uku, takarda za ta biyo baya. Duk Litinin malamai na kawo min shirin darasinsu na sa hannu, duk safiya kafin komai akwai lissafin ka na minti goma, bakwai sau takwas, tara sau shida, yaro ya amsa a tsaye. Wanda bai iya ba ya maimaita aji kuma ubansa ba ya zuwa faɗa.

Daga baya aka rufe kwalejojin nan aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Ban raina NCE ba, 'ya'yana biyu suna da ita, amma da yawa darussa biyu suka karanta na koyar da manya, ba a taɓa nuna musu yadda ake ɗaukar ɗan shekara shida daga a zuwa ba, be, bi ba. Sai a ba shi aji ɗaya, me zai yi in ba ya rubuta a allo ya ce ku maimaita bayana ba? Haddar da 'yarki take yi daga nan ta samo asali, kuma iri ɗaya ce a ta kuɗi da ta gwamnati, bambancin kawai ɗaya da fanka ɗaya babu.

'Yata Maman Ummi, kar ki tambayi makaranta ta waye. Ki je ki tambaya wa yake koyar da aji ɗaya da aji biyu, shekara nawa ya yi a wurin, kuma wa yake shiga ya gwada yaran ban da shi.

Abban Yara:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma ka bar abu ɗaya, bulala. A zamaninku akwai dorina shi ya sa yara suka yi karatu. Yanzu a makarantar kuɗi malami ko tsawa ya yi wa yaro gobe uwar ta zo da mayafi a kafaɗa tana neman a kore shi. Ɗan ƙanena a gabana ya ce wa malaminsa babana ne yake biyanka. Ina tarbiyya a nan? Gara ta gwamnati ko ba komai yaro zai yi shara ya yi kamun kunne ya san akwai na gaba da shi.

Maman Biyu:
Abban Yara dan Allah a daina ɗaukar duka a matsayin tarbiyya. Ƙanina malami ya mare shi a aji biyar saboda latti, har yau da ya kai shekara talatin kunnensa na hagu ba ya ji sosai, kuma daga ranar ya tsani makaranta da ƙyar ya gama sakandare. Lattin ma ɗebo ruwa aka aike shi. A ajin da yara suka fi ɗari malami ba shi da lokacin sanin laifin wa, monita yake ba wa bulala ya ce rubuta masu surutu, monita kuma ya rubuta wanda ya hana shi awara. Yaro me ya koya a nan in ba cewa mai ƙarfi shi ne da gaskiya ba?

Abban Yara:
Allah ya ba shi lafiya, ban ce a nakasa yaro ba. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Biyu:
Tanƙwarawa aka ce ai ba karyawa ba.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana Abban Yara, akwai bulala a lokacinmu ban ɓoye ba, amma tana da doka. A makarantata malamin aji ba ya dukan yaro yadda ya ga dama, sai a kawo shi ofis, akwai littafin horo da ake rubuta sunan yaro da laifinsa da bulala nawa aka yi masa da wanda ya yi, sufeto yana duba littafin nan. Sai zango ya wuce ban cika shafi ɗaya ba. Abin da ya gyara yara shi ne ƙarfe bakwai da kwata sun tarar da ni a bakin ƙofa, malamai duk sun iso, an duba farce da haƙori da wuyan riga, an yi layi. Yaron da ya ga malaminsa yana zuwa ƙarfe tara yana cin gyaɗa a gindin bishiya har a tashi, ko ka karya masa tsumagiya goma a jiki ba zai ɗauki zuwa da wuri da muhimmanci ba. Na ga malaman da suka fi kowa duka kuma ajinsu ya fi kowane aji rashin karatu, domin yaron da ke jin tsoro ba ya ɗaga hannu ya ce ban gane ba.

Alaramma:
Baba ya yi gaskiya. Ni nawa ɗan ƙarin shi ne mu a makarantar allo yaro yana farawa da babbaƙu, sai farfaru, kafin ya shiga haɗawa, kuma ba a wanke allo sai ya biya a gaban malam shi kaɗai. Ko shekararsa nawa ko ɗan waye, in bai biya ba allon nan yana nan. 'Yan boko sun ɗauko tsarin da kowa ke wucewa tare ranar ɗaya, wanda ya iya da wanda bai iya ba. Mu ma muna da namu matsalolin ban ce babu ba, dukan da wasu gardawa ke yi wa ƙolawa ba addini ba ne, amma wannan ɗaya ta biyawa kafin wanki da za a ara da an huta.

Malamin Firamare:
Allah ya gafarta Malam wlh da ina da yara arba'in da na yi hakan kullum. Da ɗari da talatin idan na ba kowa minti biyu an tashi ban gama ba.

Ɗan Zariya:
Ni abin da ke ɓata min rai kullum sai a ce cunkoso, a ce albashi, ba a son a faɗi cewa wasu malaman su kansu ba su iya ba. Mu a Kaduna mun gani a 2017 lokacin El-Rufai, aka yi wa malaman firamare kusan dubu 33 jarabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai maki 75 da aka sa, aka sallame su. An yi ta zagi ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki amma takardun da aka nuna kowa ya gani. 'Yan siyasa ne suka cusa yaransu aikin koyarwa saboda shi ne aikin da ake bayarwa idan an rasa inda za a kai mutum.

Malama Zazzau:
Ɗan uwa ni ma 'yar jihar ce kuma yayata tana cikin waɗanda aka sallama, shekara goma sha tara tana koyar da aji ɗaya, yaran da suka bi ta hannunta akwai likitoci yanzu, maki kaɗan ya hana ta kai 75 ɗin. Akwai waɗanda suka cancanci kora ban musa ba, amma an haɗa da masu ƙwarewar da horo kaɗan suke buƙata, kuma makarantun ƙauye da yawa sun zauna babu malamai kafin sababbi su iso, sababbin ma wasu da suka ga ƙauyen ba su zauna ba. A 2022 aka sake sallamar wasu sama da dubu biyu. To tambayata ita ce wa ya taɓa yi wa malaman makarantun kuɗi irin wannan jarabawar? Da yawansu fa sakandare kawai suka gama suna jiran sakamakon JAMB, ko rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, ba su da ita.

Ɗan Zariya:
Nan kam kin kama ni, babu wanda ya gwada su. Ya kamata a yi wa kowa.

Baban Khalifa:
Ai sa ido a kan makarantun kuɗi sai wani abu ya faru ake tunawa. Ku tuna kisan Hanifa, ƙaramar yarinyar nan ta Kano da aka gano gawarta a farkon 2022, Allah ya jiƙanta, sai da mai makarantarsu ya sace ta ya kashe ta sannan gwamnatin Kano ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu gaba ɗaya ta ce a sake tantancewa. Kafin nan kowa ya samu gida mai ɗaki huɗu sai ya yi fenti ya kafa allo ya ce makaranta ce. Ni dai ban yarda cewa ta gwamnati ba za ta gyaru ba, makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka kafa a 1977 ai na gwamnati ne, ku duba yawan likitoci da injiniyoyin da suka fitar, har gobe masu kuɗi na neman wa 'ya'yansu gurbi a can. Me ya bambanta su? Ana tace ɗalibai da jarabawa, ana zaɓen malamai, akwai hukumar da ke bibiya. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin farko, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta ɗauka, kuma sau da yawa kuɗin na zaune a Abuja saboda jihohi ba su kawo nasu ba. Ganduje ya ce ilimi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, muna fatan alheri, amma ni ma'aunina ɗaya ne, ranar da na ga ɗan kwamishina a ajin Malamin Firamare na san an fara.

Admin:
Jama'a a kiyaye kar mu koma siyasa, baiwar Allah shawara ta nema a kan 'yarta.

Baban Khalifa:
Afuwan Admin, zafin abin ne.

'Yar Bauchi:
Maman Ummi ni ta wani ɓangare zan zo miki. Kin ce saƙon da Hausa ne ta kasa, kuma na tabbata a makarantarsu ana cin tarar wanda ya yi Hausa. Nan ne babbar matsalar. Yarinya ba ta jin Turanci a gida, an ba ta littafi da harshen da ba ta sani ba an ce ta koyi karatu da shi, aiki biyu kenan a lokaci ɗaya, dole ta gudu ta fake a hadda. Ni an yi mana horo a shirin Mu Karanta da aka yi a makarantun gwamnati na Bauchi da Sakkwato, da Hausa ake farawa, sautin harafi ba sunansa ba, sai gaɓa, sai kalma, sai ɗan gajeren labari a tambayi yaro me ya faru a ciki. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasula biyar ne, yaro na kama ba da ka da ma shikenan ya fara haɗa baka da kama da kansa, kuma ranar da ya gane cewa shi ne ya haɗa ba a gaya masa ba za ki ga fuskarsa ta canza. Na ga yaran ƙauye da ko takalmi babu sun fara karatu cikin zango biyu. Idan ya iya da Hausa Turancin ba ya wahala don ya riga ya san yadda baƙi ke aiki. Dama can kafin a soke wannan tsari a 2025, tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe yana cewa a fara da harshen uwa a shekarun farko, mu ne muke ganin kamar ci baya ne.

Uwar Makaranta:
Malama gaskiya kika faɗa amma ki zo ki gaya wa iyaye. Ranar da na sa Hausa a jadawalin aji ɗaya wani uba cewa ya yi ba don a koya wa ɗansa Hausa yake biyana ba, yana da ita a gida kyauta.

Maman Ummi:
Hajiya ni kaina da haka nake tunani wlh, ina jin daɗi idan ta dawo tana gud monin mami, ban taɓa zama na gwada ta ba sai jiya. Shekara huɗu ina duba sakamako kawai ina sa hannu.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma nan Nijar haka ne da Faransanci, yaro ya kai aji na biyar yana rera abin da ke allo bai san ma'anarsa ba, kuma mafi yawan malaman 'yan kwantaragi ne da albashinsu ke makara. Masu hali su kai lakwal ta kuɗi, can ma sai an dace.

Maman Biyu:
Ni shawarata kar ki cire ta a tsakiyar shekara, canjin wuri kaɗai ba zai koya mata ba. Ki je makarantar ki nemi ganin mai makaranta da malamar ajin tare, ki tafi da littafin da ba nasu ba ki ce ta karanta a gabansu. Ba da faɗa ba. Sannan ki nemi mai lesin amma ki gaya masa ba aikin gida za ya taya ta ba, baƙi za ya koya mata daga farko, don yawancin masu lesin aikin gidan kawai suke yi wa yaro su tafi.

Tsohon Hedimasta:
Ko lesin ɗin ma ba dole ba ne idan ke kin iya karatu 'yata. Minti ashirin bayan magariba ya isa. Ki samu kwali ki yanka ƙanana, ki rubuta a, e, i, o, u, sati ɗaya a kansu kawai har sai ta gane su a birkice ba a jere ba. Sannan b, ki haɗa ba be bi bo bu, sai k, sai m, sai t. Kar ki ɗaga mata murya ko ta kasa sau goma, ta riga ta ji kunya jiya, kuma kar ki yi a gaban ƙannenta. Lissafi kuma ki aike ta da ɗari biyar ta sayo abin ɗari uku da hamsin ki ce ta faɗa miki canji kafin ta fita.

Maman Ummi:
Na dawo jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da safe na je kamar yadda Maman Biyu ta ce. Mai makarantar da farko ta so ta kare, ta ce ai yarinyar tana cikin masu ƙoƙari, sai na miƙa wa Ummi littafin labarin da na aro a maƙwabta ta kasa, malamar ajin ta sunkuyar da kai ta ce ita wata biyu kenan da zuwanta kuma ta lura fiye da rabin ajin haka suke amma an ce ta bi manhaja ta gama kafin jarabawa. Ta ba ni tausayi wlh yarinya ce ƙarama. Sun ce za su ware rabin awa da safe ga waɗanda ba su iya ba, zan zuba ido na gani ko za a yi. Na kuma gwada ɗan maƙwabciyata da ke aji biyar a ta gwamnati, shi ma sunansa kawai ya iya rubutawa, uwar ta ce na haɗa da shi idan zan fara.

Baba Hedimasta na yanka kwalin, daren nan muka yi wasula, e da i ne suke rikice mata sauran ta kama. Babanta har yanzu yana kan bakansa na cirewa, mun dai yi da shi ranar Litinin zai je ta gwamnatin da kansa ya leƙa aji huɗu ya ga yawan yaran kafin ya yanke. Baba idan ta ci gaba da rikita e da i na tsaya a kansu ne ko na wuce zuwa b na dinga dawowa?

Tsohon Hedimasta:
Ki tsaya a kansu kwana biyu tukuna. Ki sa ta faɗi ido ta nuna i, ta faɗi eh ta nuna e, ta rubuta su da yatsa a ƙasa. Shi ma yaron maƙwabciyar ki yanka masa nasa kwalin daban kar su dinga leƙen na juna. Ranar Alhamis ki gaya min inda kuka kai.